Masar Tsakiyar Tanda

Daga Allah muka fito, gare shi kuma Gwaggo ta riga mu komawa, ranar Talata da hantsi, bayan an gama kwashe gero daga gonaki. Ƙanwar ubana ce. Ita ta riƙe ni tun ina da shekara bakwai, aka ɗauko ni daga Kebbe aka kawo Tambuwal aka ajiye a ɗakinta, ga shi yau ni ma furfura ta gama da kaina. Ban yi karatu ba. Jikanta ne ke riƙe da alƙalami. Na ce masa ya sa abin da na faɗa, kada ya rage, kada ya ƙara, kada kuma ya ɗaga kai ya dube ni in mun zo wurin da ba zai ji daɗi ba.

Tun maza ba su dawo daga maƙabarta ba tsakar gida ta cika. Na zauna bakin ƙofar ɗakinta ina karɓar gaisuwa, ina kallon kowa. Ba abin da na iya a duniya kamar kallo. Matan unguwa sun san haka, shi ya sa suke gyara ɗaurin zane in za su wuce ta gabana. Kowace ta zo sai ta durƙusa, ta ce, "Ƙaƙa haƙuri? Allah shi gafarta mata, Allah shi sa ta huta." Tana faɗa, idonta yana zamewa ta kafaɗata zuwa kusurwar ɗaki. Babu wadda ba ta duba ba. Masu kuka sun duba, waɗanda suka zo don a gan su ma sun duba.

Ƙawar Gwaggo ce ta faɗa a fili. Tsohuwa ce da katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, shekara ɗaya aka kawo su aure unguwar nan. Ta shigo tana dogara sanda, ba ta ko yi mini gaisuwa ba.

"Ke uwar gani, wadda tat tafi ta tafi. Mai rai fa? Kin ba ta ta ci?"

Na ce na ba ta.

Uwar ƙullu take nufi. A kusurwar ɗakin Gwaggo akwai wata 'yar baƙar tukunya da aka binne a ƙasa har wuya don sanyi, an rufe ta da faifai. Tsohon ƙullu ne a ciki, wanda Gwaggo ta zo da shi daga Kebbe cikin ɗan gora ranar da aka kawo ta. Masa ba ta tashi sai an ɗebi kaɗan daga nan an zuba wa sabon ƙullu ya kwana. Abin da ka ɗiba kuwa sai ka mayar. Safe da yamma ana ba ta tafin gari da ruwan sanyi, a juya. In aka tsallake wuni biyu cikin zafi sai ta yi ɗaci ta mutu. Ranar rasuwar ma, ana yi wa Gwaggo wanka a bayan ɗaki, ni ina durƙushe ina zuba wa tukunya gari. Allah ya gani ban so ba. Hannuna ne ya saba.

Wanda ke son ya san Gwaggo ya dubi kayan aikinta, ba su da yawa. Dutsen niƙanta ya lotse a tsakiya kamar akushi, gero da shinkafa kaɗai ya sani. Wata baƙuwa ta taɓa niƙa barkono a kai, Gwaggo ta kwana uku tana wanke shi, ta shekara ba ta amsa sallamar matar da sakin fuska ba. Muciyar ƙullu dabam take, ba ta shiga tuwo, ba ta shiga miya, ba a wanke ta, sai dai a goge a rataye. Ludayi biyu, na ɗiba daga uwa da na zubawa a tanda, kuma ba sa musaya. Babbar ƙwaryar da ƙullu ke kwana a ciki an ɗinke ta wuri uku, gyartai ya gaji ya ce a sayi wata, ta ce shi ya fara sayen wani bakin. Sai ɗan tsinken ƙarfe na juya masa, da ƙoƙon ruwan kanwa na kashe tsami. Sai tanda. Ta yumɓu ce, mai gurbi bakwai, shida a kewaye ɗaya a tsakiya, ta sha mai har ta yi baƙi tana sheƙi. Maginiyar da ta gina ta ta mutu, ɗiyarta ta mutu, tanda tana nan.

Ba ta koyar da mutum da baki. In na tambaye ta ko ƙullu ya tashi, sai ta ce, "Shinshina. Hancinki na ado na?" In na miƙa hannu ga tukunya sai ta ce, "Kin wanke? Koma ki sake." In an kira ta biki ko suna a wani gari, amsarta ɗaya ce, "Ba ta ci ba tukuna." Iyakar sanina Gwaggo ba ta taɓa kwana wajen ganuwar Tambuwal ba. Ko ubana da ya rasu a Kebbe, ɗan uwanta ciki ɗaya, aike ta yi.

Amma ba ta taɓa hana kowa iri ba. Mai suna, mai biki, mai sadaka, duk wurinta ake zuwa da ɗan ƙoƙo a roƙi ludayi guda. Sai ta karɓi ƙoƙon ta juya, ta shinshina, ta miƙa wa mai shi. "Wanga anka dama fura ciki. Je ki wanke." Wata sai ta koma sau uku. Matar wani marini ta taɓa zaginta a bakin rijiya a kan guga, zagi na gaske, har da ambaton iyaye. Bayan wata biyu ɗiyar matar ta haihu, kunya ta hana ta zuwa. Gwaggo da kanta ta cika ƙoƙo ta kai mata har ɗaki, ta ajiye, ta ce, "Kada ki sa mata ruwan ɗumi," ta juyo.

Akwai abin da take yi kullum wanda na ɗauka sadaka ce kawai. In tanda ta yi zafi, gurbin tsakiya take fara cikawa. Masar farko da ta fito daga nan ba ta sayarwa ba ce, ba kuma a cin ta a gida. Sai ta sa ta a ɗan akushi ta rufe. In an yi la'asar ta ɗauka ta nufi ƙofar gari, wadda hanyar Kebbe ke shigowa ta cikinta. Nan take tsayawa daga ciki, dab da itacen dokin ƙofa, ba ta taɓa tsallake shi ba. In ayari ya shigo ba ta kallon jakuna, ba ta kallon kaya. Mata take kallo, ɗaya bayan ɗaya, har wasu su tsargu su rufe fuska. Sai ta zaɓi wata baƙuwa ta miƙa mata masar, ta tsaya a kanta tana kallon bakinta har ta haɗiye. Daga nan ta karɓi akushinta ta dawo. Ranar da ba baƙuwa mai tsaron ƙofa ke ci, har ya yi tumbi da masar Gwaggo. Na taɓa tambayarta dalili ina yarinya. Ta ce, "Ina ruwanki? Je ki tankaɗe gari."

Sau ɗaya muka yi faɗa, ya kuwa ishe mu har mutuwa.

Lokacin ina gidan mijina, gida huɗu tsakaninmu, kullum da safe nakan zo mu yi aiki. Sai ga manzo daga Kebbe, ya ce uwata tana kwance, sunana take kira. Mijina ya yarda in bi manzon. Na ɗaure ƙunshina, na biyo in yi wa Gwaggo sallama, na same ta zaune gaban murhu, tafin hannunta na dama ya ƙone fari fat, fata ta tashi.

Ta ce, "Ga shi kin gani. Wa zai ba ta ta ci?"

Na ce ga ƙawarki nan bayan katanga.

"Hannunta gishiri garai."

Na ce to in ɗiba in tafi da ita, in dawo da ita.

"Ba ta son hanya."

Na ce zan tsaya kwana uku hannun ya kama. Hannun ya yi kwana ashirin. A kwana na tara wani manzon ya zo ya ce an binne uwata. Na shiga ɗakin Gwaggo, na tsaya a kanta, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Kin zaɓi tukunya bisa uwata." Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Muciya ta faɗi, ɗauke ta daga ƙasa."

Damina guda muka yi ba ma magana sai gaisuwa. Kullum ina zuwa, ina niƙa, tana damawa, ina hura wuta, tana suya, kafaɗa tana gogar kafaɗa. Ba ta ba ni haƙuri ba. Da kaka ta shigo, wata safiya ta miƙo mini ludayin zubi ta nuna gurbin tsakiya da haɓa. Ba ta taɓa barin wani hannu ya cika shi ba. Yanzu na san ban haƙurinta ke nan. A lokacin ƙarin aiki na ɗauke shi.

Kada in rage mata alheri. Da mijina ya rasu, duk kwanakin takabata ba ta tsallake safiya ɗaya ba. Takan zo da masa uku da ɗan zuma, ta zauna nesa da ni tana kallon bango. Ba ta taɓa ce mini yi haƙuri ba. Abin da take cewa shi ne, "Ci, tana hucewa." Ranar da na fita takaba ta ce, "Tabarmarki tana nan inda kinka bar ta." Na koma ɗakin da aka ajiye ni ina shekara bakwai, ban sake fita ba.

Ɗiyata tana aure a Kebbe. Da ciwon Gwaggo ya yi nauyi ta biyo ayarin ƙannen mijinta masu jakuna ta zo dubiya, aka yi rasuwar tana nan. Da la'asar ɗin ranar da aka yi jana'iza ta ja ni gefe.

"Inna, mi yar rage maki garin nan? Ayari zai koma washegarin sadakar bakwai. An gina maki ɗaki tun bara. Jikokinki ba su san fuskarki ba."

Na ce, "Tukunyar fa?"

Ta ce, "Tukunyar nan ta cinye Gwaggo, ta ci rabinki. Ki bar mana ragowar."

Ban tsawata mata ba, ko da yake ta cancanta. Fiye da shekara hamsin ban ga Kebbe ba. Ban san inda aka sa uwata ba. Ina son in tafi, kuma na san matan unguwa ba za su bar ni ba muddin abin nan yana numfashi a kusurwa. Za su ce bari a yi uku, bari a yi bakwai, bari a yi arba'in, duk kuwa sai da masa. Bayan arba'in wata za ta haihu.

To, ka riƙe alƙalaminka da kyau, mun zo wurin.

Jikan Gwaggo ta wajen ɗanta namiji, wannan mai rubutun, a Jabo yake zaune, can ya yi aure. Matarsa ba ta taɓa kwana gidan nan ba sai da wannan rasuwa. Yarinya ce mai hannu, ba ta iya zama ba aiki. Al'adarmu kuwa, dangin da suka zo zaman makoki su ke share ɗakin mamaci, su wanke kwanukansa. Ranar Laraba bayan azahar, mutane sun ragu, ina zaune ƙarƙashin rumfa da tasbaha. Na ga ta shiga ɗakin da tsintsiya. Na ji an ɗaga faifai, ƙarar da zan gane ko cikin kasuwa. Na ji tana tonon ƙasa. Ta fito rungume da tukunyar, ta kau da fuska saboda tsami. Ta wuce ta gabana, taku huɗu tsakaninmu. Har ta ɗan tsaya ta dube ni, kamar mai son tambaya.

Na sunkuyar da kai ga tasbaha.

Ta zubar da shi a bayan turken awaki. Ta kawo toka da yashi ta dirje tukunyar ciki da waje, ta ɗauko muciyar ma ta kankare. Kowane karta na ji shi. Kuma in faɗi gaskiya tunda don ita aka zauna, daɗi na ji. Wuyana ya yi sakayau kamar an sauke mini tulu.

Da la'asar ƙawar Gwaggo ta shigo duba ƙullun sadakar uku, ta iske tukunya a kife tana shan rana. Salatin da ta yi ya tara unguwa. Mata suka yi wa yarinyar ca. Wata ta ce mutanen Jabo ba su san tsami ba sai na bakinsu. Wata ta ce ta kashe tsohuwa sau biyu. Yarinyar tana kuka tana cewa, "Na ɗauka ruɓewa yay yi, wallahi na ɗauka ruɓewa yay yi." Mijinta yana zaure, kunya ta hana shi shigowa. Tsohuwar ta juyo da idanunta masu yana ta kafe ni da su.

"Ke kina ina?"

"Ina lazimi."

"Ke? Ke da ka gane kazar da tas sha ruwan maƙwabta daga tafiyarta?"

Ba wanda ya yi dariya. Na bar yarinyar da kukanta. Rubuta haka, na gan ta, na yi shiru. Matarka ba ta da laifi ko na ƙwayar gero.

Na ɗauka an gama ke nan. Rana ba ta faɗi ba sai ga matar wanzami da ɗan ƙoƙo a rufe. Ta durƙusa ta ajiye a ƙofar ɗaki. "Na Gwaggo na. Tun sunan autana nika riƙonai." Bayanta matar marinin nan mai zagi, ta tsufa tana jan ƙafa, ƙoƙo a hannu, hawaye har haɓa. Sai matar maƙeri, sai ta mai tsaron ƙofa, sai wasu da ban taɓa sanin suna suya ba. Kafin kiran magariba ƙofar ɗaki ba wurin aza ƙafa. Suka mayar da tukunyar raminta, suka juye ƙoƙunan ciki, suka ba ta gari. Da safe na ɗaga faifai na iske ta tana tsattsafo da ƙananan kumfa kamar ba abin da ya taɓa ta. Aka yi masar sadakar uku ta tashi fiye da kullum. Kwana biyu bayan haka wata mai tallar nono ta kawo wani goran daga Dogon Daji, hannu da hannu aka miƙo shi.

Mata suna kuka suna cewa dubi albarkar Gwaggo. Ni kuwa zuciyata tafasa take. Ashe irin yana kowane gida. Ranar da uwata ke kiran sunana ma yana kowane gida. Da na tafi ya mutu, ludayi ɗaya daga maƙwabta ya isa ya tashe shi. Na bi ta tsagar katanga na shiga wurin tsohuwar, na same ta tana shan hantsi bisa buzu.

Ta ce, "Zauna, tsayuwarki tana tare mani rana."

Na ce, "Gwaggo ta san shina ko'ina."

"Ita tar raba shi da hannunta, ƙaƙa za ta kasa sani?"

"To don mi ta hana ni uwata?"

Ta ce, "An gaya maki ta yi ɗiya kafin a kawo ki?"

Na ce an ce ta rasu tana ƙarama.

"Wa yag ga kabarinta?"

Sai ta ba ni labarin da ba wanda ya taɓa ba ni. Gwaggo ta je ganin gida Kebbe da ɗiyarta 'yar shekara biyar. A hanyar dawowa, wurin tsallaka wani rafi, mahara suka faɗa wa ayarin. Gwaggo ta faɗi cikin ciyawa da sara a kafaɗa. Na san tabon, ni nake cuɗa mata baya, ta ce mini ƙahon bijimi ne. Yarinyar kuwa aka ɗauke ta bisa doki, da masar guzuri a hannunta wadda kakarta ta soya mata da wannan ƙullun. 'Yar fari ce. Kun san kunyar ɗan fari, uwa ba ta kama sunansa, ba ta nuna ta damu da shi gaban mutane. Gwaggo ba ta iya yin kuka a gani ba, ba ta iya tambayar fatake da suna ba. Shekara ta kewayo ubana ya ga ƙanwarsa tana bushewa, ya ɗauko ni ya kawo mata.

"Sau guda tay yi mani zancen," in ji tsohuwar. "Tac ce, in ta dawo ba ta sanin fuskata, ni ma ban sanin tata. Amma in ta ci masar ga za ta tsaya da tauna."

Abin da take kallo ke nan a bakin mata, shekara da shekaru. Ni da nake taƙama da ido ina biye da ita riƙe da akushi, ban gani ba.

Na ce, "Hannun fa?"

"Awo, hannun. Ina leƙe ta bisa katanga. Manzo na fita ta dubi tanda, ta yi bisimilla, ta aza tafinta ta danna. Ko uhum ba ta ce ba. Shekarar nan hanya ba ta da kyau, kin sani. Tac ce mani hanyar ga ta ci mata guda." Ta gyara zama ta ƙara da cewa, "Mace tana suya tun ba a haife ki ba, ba ta taɓa ƙona ko ɗan yatsa ba, ranar nan kaɗai. Uwar gani ke nan."

Na tashi ban yi mata sallama ba. Ba zan ce zuciyata ta yi sanyi ba. Uwata ta mutu tana kirana, wannan ba ya gogewa. Amma kwana ashirin na yi ina shafa wa hannun nan man kaɗe, ina jin haushinsa, ban san domina aka ƙona shi ba.

Ranar kwana shida na sami matar jikan a bakin rijiya ita kaɗai. Tun ranar Laraba ba ta haɗa ido da kowa. Na ce mata, "Ranar nan na gan ki."

Ta ci gaba da jan guga. Ta ce, "Na sani, Inna. Na ga kin gan ni."

Ta sani, aka yi mata ca, ba ta buɗe baki ta nuna ni ba, ko mijinta ba ta gaya wa ba. Na kama hannunta na kai ta ɗakin, na ɗaga faifai na ce ta shinshina. Na nuna mata ludayin ɗiba da na zubi. Shi ke nan abin da na iya, ni ma ban koyi ban haƙuri da baki ba.

Aka yi sadakar bakwai. Ba abin da ya rage ya riƙe ni. Matar wanzami ta ce za ta riƙa ba tukunya abinci, in ma ta mutu ga iri a gidaje. Na ɗaure ƙunshina, zane uku da tasbaha. Na cika ɗan gora da ƙullu. Da safe na hura wuta in soya mana guzuri, hannuna ya fara da gurbin tsakiya, ya sa masar a ɗan akushi ya rufe, ban ce masa ya yi ba.

Muka isa ƙofar gari rana tana ɗagowa. Jakunanmu suka fita, ɗiyata ta bi su ta tsallake dokin ƙofa. A daidai nan wani ayari da ya kwana bayan ganuwa yake shigowa. A cikinsa akwai wata tsohuwa, sa'ata ko na girme ta kaɗan, da tsagar wata ƙasa a kumatu, tana ɗauke da ƙunshi. Ban san sanda na tare ta ba. Na buɗe akushi na miƙa mata. Ta dube ni da mamaki, ta karɓa, ta gutsura. Na tsaya ina kallon bakinta. Ta tauna, ta haɗiye, ta sake gutsura, ta cinye, ta yi mini godiya da wata irin Hausa mai nauyi, ta wuce. Ba ta tsaya ba.

Ɗiyata ta kira daga waje, "Inna, taho, rana tana yi!"

Na dubi itacen nan da ƙafafun duniya suka lashe. Taku ɗaya ne. Sai na ce a raina, ayarin gobe fa? In ɗiyar Gwaggo tana da rai yanzu ta kai shekarun da iyayengiji kan sallami baiwa ta tafi inda take so. A tabarmarta na kwanta, masarta na ci fiye da shekara hamsin. Matar wanzami za ta ba tukunya gari, amma ba ta san abin da ake kallo a bakin mutum ba. Daga ni sai tsohuwar da ba ta iya kaiwa ko zaure.

Na miƙa goran ta saman dokin ƙofa. Na ce, "Kai ma Kebbe abinta. Safe da marece, ruwan sanyi, kada ki wanke muciyar."

"Inna."

"In anka yi arba'in ki aiko."

Ta daɗe tana dubana. Ita ma ɗiyata ce, tana da ido. Ta karɓi goran ta sa cikin zane, ta juya. Na tsaya har jakuna suka shige cikin karan dawa, sannan na ɗauki ƙunshina na koma. Tsohuwar ta ji motsina ta katanga ta ce, "Har kin iso Kebbe? Ƙaƙa mutanen can?" Na ɗaga faifai, ba ta ci ba tukuna.

An yi arba'in jiya. Ɗiyata ta aiko, na ce a gaishe ta.

Abin da na sani game da Gwaggo ke nan, na faɗa don kada a tuna ta da tsami da faɗa kaɗai. Allah ya jiƙanta, ya sanyaya mata wannan hannun. Ranar jana'iza da aka ce a yafe mata, da baki na yafe. Yau na yafe da sauran jikina, ita ma ta yafe mini tukunyar. In ɗiyar ta riga ta zuwa can, Allah ya sa sun gane juna ba sai da masa ba.

Rufe tawadarka haka nan, ka je ka ba matarka haƙuri. La'asar ta yi, masar tsakiya tana hucewa, kuma an ce akwai ayari bisa hanya.